Ranar Da Saude Ta Kama Sunan Ɗan Farinta

Duk garin Tsaskiya an san Saude da abu biyu: ƙuli-ƙulinta mai garɗi da kuma kunyarta. Tun da ta haifi Sagiru, ɗan farinta, bakinta bai taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, ko ta nuna shi da haɓa. Mata har misali suke yi da ita idan za su yi wa 'ya'yansu faɗa.

Sagiru da ƙafafu a murɗe ya zo duniya, da gefensu yake takawa, har ya kai shekara sha biyar. Ranar da 'yan bindiga suka shigo gari kowa ya ranta a na kare, shi kuwa cikin rumbu aka cusa shi. Saude ta yini a daji, ta kasa tambayar kowa ko ya tsira.

Da wata ƙungiya ta zo Safana, hedkwatar ƙaramar hukumarsu, neman yaran da za ta biya wa kuɗin aikin gyaran ƙafa, Saude da surukarta suka kai shi, don uban yana ci-rani a kudu. Ma'aikaciyar ƙungiyar, baƙuwa ce, ta tambayi wace ce uwarsa, kuma ko ta yarda. Ga suruka a tsaye. Saude ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. An ce shiru ma magana ce, amma fa sai ga wanda ya san garin.

Ranar da mota ta zo kwasar yara aka ce babu Sagiru, wai uwarsa ba ta amince ba, an ba wani gurbinsa. Saude ta sandare a tsakar gida, ƙuli na ƙonewa a kasko. Ashe kunyar da ake yabonta da ita ce ta hana ɗanta ƙafa.

Ba ta shawarci kowa ba. Ta sayar da injin markaɗen da take ci da shi, ta haɗa da saniyar gadonta, ta sa yaron a mota sai asibitin Katsina. A gaban likita, mutane cike da ɗaki, aka sake yin tambayar.

"Sunansa Sagiru," in ji ta. "Ni na haife shi. A yi masa."

Yaron ya waiwaya yana neman mai maganar. Bai taɓa jin sunansa da wannan murya ba.