Mutumin da ya ƙi tsinke ƙonannun ganye

Kafin masu jinya su fito neman ruwan zafi, Baba Mai Lambu ya riga ya zagaye harabar asibiti da bokitinsa. Ba ya ba shuka ruwa sai ya taɓa ganyenta da bayan hannu, yadda ake taɓa goshin mai zazzaɓi. Haka na san shi tun ina jinyar Autata, haka yake yi har makon jiya da suka sallame shi daga aiki.

Auta ce ta shuka ƙwayar lemo a gwangwanin madara, a tagar ɗakin da take kwance. Da ta ga jiki ya ƙi, ta sa na kira mata shi.

"Baba, ga 'yata na ba ka riƙo. Kar ka bari Inna ta kashe ta da ruwa."

Ya yi dariya, ya dasa ta a inuwar babbar bishiyar harabar. Auta ba ta ga lemon ya kai gwiwa ba. Tun daga nan nake zuwa duba shi, don shi kaɗai ta bari mai rai.

Sai masu asibitin suka sare babbar bishiyar, suka malala siminti don motoci su sami wurin tsayawa. Da zafi ya shigo, simintin ya riƙa huci kamar bakin murhu. Na zo da rana tsaka na tarar ganyen sama duk sun ƙone. Na ruga na ɗebo ruwa, Baba ya riƙe bokitin.

"Inna, na ba shi da safe, ba ƙishirwa ba ce. Ganye da hasken rana yake girka abincinsa, amma in zafi ya wuce kima sai ya rufe baki, girki ya tsaya. Akwai siririyar fata a cikinsa mai riƙe ruwa, sakewa take kamar man da aka manta a rana, ruwan ya tsiyaye."

"To bari in tsinke su, ba na son ganinsu."

"Kar ki taɓa. Su ne ke yi wa na ƙasa inuwa."

Mai shara ta gaya mini har tabarmar da yake hutawa a kai ya rataya wa lemon, shi ya koma zama a dandaryar ƙasa. Manyan wurin suka ce harabar ta yi muni, ya aske duk abin da ya bushe. Ya ce su bari zafi ya wuce tukuna. Suka ce tsufa ya kama shi, ya je ya huta.

Ban yi karatu mai zurfi ba, amma ina da tambaya. Wa ya sare inuwar? Ku masu asibiti, kun ƙona lambu da hannunku, sannan kun kori wanda yake jinyarsa. Ko kujera ba ku ba shi ba ranar sallama, a tsaye aka gaya masa.

Baba, kai ne uban riƙon da bai ci amana ba. Jiya na ɗaga busassun ganyen nan, na ga sabon toho kore shar a ƙarƙashinsu. Na gode, Allah ya yi maka inuwa ranar da babu wata sai tasa. Duk wanda aka ba riƙon abu mai rai, ya riƙe shi irin naka.

Shi kuma wanda aka ɗauka a madadinka, na gan shi yana yawo da almakashi. To bari ya sani, ina zaune a gindin lemon nan kullum har zafi ya wuce.