Dattijon da Ke Sauya Lambar Hanya

Ko tsufa zai kwashe mini tunani kaf, akwai wata safiya da na san ba zai iya ɗauka ba. Lokacin ana tsakiyar aikin dam ɗin Goronyo, ni kuwa ina matashin direban tifa, ina ɗauko dutse, in bi ta wajen Wurno in kai wa masu aiki. Jini yana tafasa, ƙafata ta fi sabawa da totur fiye da birki.

A wata kwana kafin a gangara fadama, masu aikin sun kafa wani dogon ƙarfe mai ƙugiya, suka kawo faranti uku na kwano masu lambar iyakar gudu: sittin, arba'in, da sha biyar. Aka ɗauki wani dattijo ɗan Rimawa aka ce ya riƙa rataya wanda ya dace da halin hanya. Bai yi boko ba, da launi yake gane su, kore da rawaya da ja. Ranar kasuwa sai rawaya. In garke ya gangaro sai ja. In hanya ta yi fayau, ya sakar mana kore. Mu direbobi dariya muke masa, muna cewa ina aka taɓa ganin doka mai sauya riga sau uku a wuni?

Ran da nake ba ku labari, an yi ruwa da asuba, gari ya waye a wanke. Wani farin tururi ya taso daga fadama ya kwanta a kanta, kawunan goruba kaɗai ke leƙowa kamar ba su da gindi. Balbelu na shiga ciki suna ɓacewa. Ni kuwa jikina ne kawai a mota, zuciyata tana ƙauyen Maikujera, wajen yarinyar da aka sa mana rana. So nake in gama sawuna da wuri in je in gan ta kafin la'asar. Har na tsara abin da zan faɗa mata, da yadda za ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

Sai na hango ja. Hanya kuwa ko akuya babu. Na taka birki da haushi, na leƙo ta taga.

"Baba, ina kwana. Mi ya faru kuma?"

"Lahiya lau, ɗana," in ji shi. "Ban san mi ya faru ba."

"To don mi ka rataya ja?"

Ya gyara zama kan buzunsa, ya dubi gabas. "Masu nono ba su wuce ba. Kullum kahin rana ta kai kan tsamiyar can sun gaishe ni. Motar Goronyo ma ba ta hito ba. Hanyar da ta yi shiru haka, akwai abin da ta riƙe. Tahi sannu."

Ba zan yi muku ƙarya ba, niyyata in sha kwana in taka wuta. Amma da na dubi madubi na gan shi a tsaye yana bin motar da ido, sai kunya ta kama ni. Na bar ta a giya ta biyu, tana ta gurnani.

Shiga tururin nan kamar shiga mafarki ne. Komai ya yi fari, ƙarar injin ma ta yi nisa, kamar daga wani gari take zuwa. Ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Can sai wasu inuwoyi suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, dogaye, masu faɗin kai, kamar lemomi suna tafiya. Kafin in gane mata ne da ƙorai a ka, na riga na danne birki da dukkan ƙarfina. Dutsen da ke bayana ya tura motar, ta ja ƙasa, ta ja, sannan ta tsaya.

Ashe ruwa ya ci rabin kwalbati. Motar Goronyo ta maƙale a bakin ramin, fasinjoji sun cika hanya suna turi, masu nono sun tsaya suna jiran a ba su wuri. Wadda ta fi kusa da ni tana goye da jariri. Hannu kawai ta miƙa ta dafa gaban motata, kamar mai lallashin bijimi. Ta ɗago ido ta dube ni, ko ɗigon nono bai zuba daga ƙwaryarta ba. Na kifa kai kan sitiyari, bakina ba abin da yake iya faɗi sai salati.

Da yamma na tsaya wajen dattijon, na sauko na durƙusa. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Kun iske su lahiya?" Na ce lafiya lau, Baba. Ya yi hamdala, ya ɓantaro mini goro. "Gobe in ka ga kore, yi gudunka," in ji shi. "Ni ba gudu ni ka ƙi ba."

Kwanan baya 'yata ta nuna mini a waya wasu manyan hanyoyi na ƙasashen waje, inda allunan lantarki ke sauya lambar gudu da kansu in an yi ruwa ko motoci sun cunkushe. Ta zaci zan yi mamaki. Idona ne kawai ya ciko, don tuni ƙasa ta rufe wanda ya fara nuna mini wannan ilimi. Allah Ya jiƙansa.

Na yi shekaru ina tuƙi bayan waccan safiya, kuma abin da na riƙe shi ne, gudun da ya kai ka gida jiya yana iya kai wani kabari yau, a kan hanya guda. Kada ka tambayi motarka nawa za ta iya. Tambayi hanya nawa za ta ɗauka, in kuwa ta yi shiru, ka sassauta.