Injin Ciyawa da Jar Akuyata

Ku matso kusa ku ji wani abu da ban cika ba da labarinsa ba, don duk sanda na fara, jikokina sai su ce tsufa ya sa ina haɗa mafarki da gaskiya. To wannan ido biyu aka yi shi.

Shekarun baya, baya ƙwarai, lokacin Nasara ba su daɗe da zama a Sakkwato ba. Mabera da kuke gani yau cike da shaguna, gonakin gero ce a lokacin, ba abin da za ka ji sai kukan kurciya. Ina da ƙuruciyata, ina goyon ɗiyata ta fari. Maigidana yana aikin lambu a gidan wani Nasara, can bayan ganuwa inda suka yi barikinsu. Ni ban taɓa zuwa ba. Ni da ƙofar gida sai biki ko gaisuwar rasuwa, kuma ban ɗauki abin takura ba, Allah ya yi ni mai son tsakar gida. Duniya a bakin mutane nake ganinta, in an ba ni labari sai in zauna in ƙera mata kamanni.

Nasaran nan yana da wata ɗabi'a da ta ba garin mamaki. Ya shuka kiri-kiri a gaban gidansa, ciyawar nan da manomi ke yini yana tsinewa a gona. Jakai na kawo ruwa safe da yamma ana zuba mata. Ba shi da saniya, dokinsa ma ba nan yake kiwo ba. So yake kawai ya zauna a kujera ya dube ta kore shar a tsakiyar rani. Aikin maigidana shi ne in ta yi tsawo ya sa lauje ya yanke. Kuma yadda aka saba a wajenmu, mai yanka ke da ciyawa. Kullum la'asar sai ya shigo da ɗan dami a ka.

Wannan damin shi ne ran ɗiyata. Bayan haihuwa na yi wani zazzaɓi da ya tafi da ruwan nonona, ya ƙafe sarai. Da jar akuyarmu aka yi goyon. Surukata, wadda nake kira Inna, ita ke tatsa da safe, ta dafa, ta huce, ta ɗura wa yarinyar da ɗan ludayi. A rani akuyoyin unguwa duk sun ƙafe, tamu kuwa tana cika ƙoƙo, albarkacin ciyawar Nasara.

Ran nan maigidana ya dawo da dami a ka, da wani littafi a hammata, fuskarsa kamar wanda aka aika da saƙon da bai gane ba. Ya ce Nasara ya gaji da aikin lauje, wai yana barin ciyawar da tudu da kwari. Zai sa a kawo injin yankan ciyawa daga Ikko, wato Legas, irin wanda ake turawa da hannu. Ta bakin kukun gidan, wanda shi ke yi musu tafinta, ya ce tunda maigidana zai tura, shi zai zaɓa. An ba shi littafin kanti ya duba, gobe ya kai amsa.

Muka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, mu uku, aka buɗe littafi. Ni karatuna na allo ne, shi ma bai yi nisa ba, balle rubutun Nasara. Amma hoto ba ya son malami. Inji uku ne. Babba, wanda doki ke ja, mutum na bin baya. Dokin har takalma aka sa masa, wallahi, takalman fata ƙafa huɗu, wai kada kofato ya ɓata ciyawa. Sai ƙarami, siriri, ciyawa na tashi a bayansa kamar ƙaiƙayi. Sai na tsakiya, mai wani akwati a gaba inda ciyawar ke faɗawa.

Inna ta duba ta duba, ta tura littafin da yatsa. "Abin da ka cin ciyawa bai ba da nono, mi ne amfaninai?"

Maigidana kuwa idonsa na kan dokin. "Wanga na nika so," ya ce. "In ba doki a samo jaki. Ni dai in riƙa bin baya, hannu bisa ƙarhe, kamar madugu."

"Madugun ciyawa," in ji Inna. "Jakin kuma kai za ka ɗunka mai takalma?"

Ni kuwa na ɓace cikin hoton. A bayan injin na tsakiya an zana wani fili mai laushi, da itatuwan da ban san irinsu ba, da wata mace da laima tana tsaye, ba ta daka, ba ta tankaɗe, tsaye kawai. Na ji kamar in tuɓe takalmi in shiga takardar. Har na ga akuyata a can tana kiwo, ta yi ƙiba, ɗiyata na rarrafe a bayanta. Sai da Inna ta taɓa ni ta ce tuwo zai kama na dawo Sakkwato.

Na ce, "Malam, hilin nan ina girmanai?"

Ya ce ba babba ba ne, ba kuma ƙarami ba.

"Wannan ba amsa ba ta. In an shanya gero, dami nawa za shi ɗauka?"

Ya auna da ido a sama. Ya ce kamar shanyar gida huɗu in an haɗa. Na tambaye shi ko akwai itace a ciki. Ya ce akwai lemo uku, da gwanda, da wata rijiyar da aka rufe. Na ce to ina jaki zai juya da wannan ƙaton abu tsakanin lemo da rijiya? Rabin yini zai ƙare ana ja da baya. Ƙaramin kuma na ɗan tsakar gida ne, kafin ya gama filin ya zaga sau ɗari, ga shi yana watsar da ciyawar a ƙasa, sai an bi da tsintsiya an kwaso da ƙasa da tsakuwa. Na ɗora yatsa a kan na tsakiya.

"Wanga ya yanke, ya tara, ya miƙo maka. Kai dai juyewa cikin buhu."

Maigidana ya dubi dokin nan kallon bankwana, ya ce, "To. Ke kinka zaɓa."

Wata biyu aka yi ana jira. Aka ce injin zai hau jirgin ƙasa, ya sauka, ya hau raƙumi. A wata biyun nan ba ranar da ban yi tunaninsa ba. In ina daka sai in ga raƙumin yana tafe da shi a hankali, yana ratsa garuruwan da sunansu kawai na sani. Har kirari na yi masa a zuciya. Maƙwabta in sun shigo ɗiban wuta sai in ja su da hira, in ce ai ni na zaɓa wa Nasara inji. Na faɗa har ya kai ana ganina ana murmushi tun ban buɗe baki ba.

Ya iso a tsakiyar bazara, lokacin da ko tsinke kore babu a daji. Ranar farko maigidana ya shigo da buhu, ba dami ba. Na kwance baki na sa hannu. Ciyawar ta yi zafi kamar an turara, an daddatse ta ƙanana kamar yankan alayyafo, ga wani wari mai hawa kai. Na zuba wa akuya. Ta matso, ta shinshina, ta yi atishawa, ta juya mini baya.

Na ce baƙunta ce, gobe za ta ci. Gobe ba ta ci ba. Jibi ma haka. Dusa kaɗai take lasa. Lauje kuma ya tashi aiki, don Nasara ya ce duk bayan kwana biyu a bi da inji, ciyawar ba ta samun tsawon da za a kama da hannu. Ƙoƙon Inna ya dawo rabi. Rana ta huɗu abin da aka tatsa bai rufe gindin ƙoƙon ba.

Muka dama koko mai ruwa-ruwa, yarinyar ta tofar. Kukanta ya sauya, ya zama siriri, irin na wanda ya gaji da kukan. Kuma kun san ɗiyar fari, uwa ba ta nuna damuwa a gaban surukai, ko sunanta ba na kamawa. Inna ke jijjiga ta, ni ina bakin murhu ina hura wutar da ta riga ta kama, don a ce hayaƙi ne ya sa idona ruwa. Ba wanda ya ce mini ke kinka zaɓa. Da ma sun faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Da la'asar ɗin na ɗebo ciyawar a tafin hannu na zauna ina shinshinawa kamar akuyar. Can ƙarƙashin warin, ƙanshin ciyawa na nan. Warin daga baya ya hau.

Na ce, "Malam, shi injin mi kaka ba shi?"

Ya ce wani baƙin mai ne a ɗan gwangwani mai dogon baki, kullum safe yana ɗiga masa a gaɓoɓi da wuƙaƙe. Kuma don gudun laifi yana zubawa da yawa.

Na tashi na ɗauko kwalbar man gyaɗata, wanda na matse da hannuna. Na ce ya wanke ƙarfen da ruwan zafi da toka, ya sa wannan.

"Ke! So kike a kai ni gidan yari? Kayan Nasara za ni yi wa miya?"

Inna ce ta amsa, ba ta ko ɗago kai daga kan yarinyar ba. "Ɗauki ka tahi. In an rufe ka ni kai maka hura."

Washegari ya tafi da kwalba a aljihu, da kwando maimakon buhu, don ciyawar ta sha iska a hanya. Da ya kawo na baza ta a inuwa ta huce, na yayyafa ruwan kanwa, na barbaɗa dusa. Na zuba a faifai na ɗora kan turmi, don akuya ba ta son cin abin da ke ƙasa. Ta zo ta tsaya. Ta shinshina, ta sake shinshinawa. Sai ta sa baki. Ban taɓa jin sauti mai daɗin taunar nan ba.

Kwana uku ana haka, sai asiri ya tonu. Maigidana ya je da safe ya tarar da injin baƙi ƙirin da tururuwa, sun yi layi tun daga bakin shinge. Yana cikin kakkaɓewa Nasara ya fito. Ya shafa ƙarfen, ya kai yatsa hanci, ya ƙwala wa kuku kira. Ya sa kuku ya tambayi maigidana me ya zuba wa injin. Maigidana ya rasa ƙaryar da zai yi, sai ya faɗi gaskiya tun daga zazzaɓina har atishawar akuya, kuku na juyawa.

Nasara ya daɗe yana duban filinsa. Ya tura injin da kansa taki kaɗan, ya ji yana tafiya sumul. Ya yi wata magana ya koma ciki. Kuku ya ce wai in dai ciyawa za ta kwanta daidai, ko daddawa za a sa masa ba ruwansa, amma kada ya sake ganin tururuwa. Kukun ne ya kawo dabarar ɗora injin kan benci, a tsoma ƙafafun bencin cikin gwangwanayen ruwa, yadda suke yi wa kabad ɗin abinci. Daga ranar har suka rabu, mai suyar ciyawa kukun yake kiran maigidana.

Nonon bai dawo rana ɗaya ba. Kaɗan-kaɗan ya riƙa hawa ƙoƙo. Wata safiya Inna ta ɗura wa yarinyar har ta kau da kai da kanta, ta yi gyatsa, barci ya kwashe ta da nono a gefen baki. Inna ta miƙo mini ita ta ce, "Riƙe min wagga, hannuna ya gaji." Hannunta bai gaji ba. Ta shige ɗaki ta bar mu, na zauna da ɗiyata a cinya har rana ta iso inda muke.

Yau ita ma tana da jikoki, ga ta nan da faɗa kamar akuyar da ta shayar da ita. In na tuna, abin da ke ba ni dariya shi ne yadda na auna komai. Na auna fili, na auna itace, na auna wahalar mai turawa, na ji ni ce mai wayon Sakkwato. Wadda za ta ci ciyawar kuwa tana ɗaure taki biyar daga tabarmarmu, ban ko waiwaye ta ba. Har yanzu in za a sayo wani abu a gidan nan, sai na zauna na lissafa kowa da abin zai shafa, har kaji. Yara na cewa na cika bincike. Ina barinsu su faɗa.

Ku fa, wane abu kuka taɓa zaɓa kuna murna, sai da ya shigo gida kuka gane akwai wanda ba ku tambaya ba?