Telan da Ya Fito da Ni Daga Ɗaki

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, tara ga watan Maris, 'yarka ta ƙwanƙwasa ƙofata ta ce ka cika. Tela, maƙwabcina, kai nake yi wa wannan rubutu.

Bara waccan aka yi mini aikin mafitsara. Ranar da likita ya zare robar fitsari na ɗauka wahala ta ƙare, ashe da saura. In na yi tari ko na miƙe daga kujera, sai in ji ɗumi a cinya. Matata ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya sun yi nisa. Kunya ta hana ni masallaci, ta hana ni hira a ƙofar shagonka. Na yi wa kaina dabara, na rage shan ruwa, wai randar da ba kome a ciki ba ta yoyo. Fitsarin ya yi ja, ga zafi, ga jiri na ɗibana.

Kai ka turo ƙofa. Ka ga zannuwan gado shanye cikin ɗaki maimakon igiyar waje, ka gane. Ka ce, "Akawu, ni ma an taɓa zare mini tawa robar. Sha ruwa, kada ka kashe mana kanka." Ka koya mini abin da nas ta koya maka: "Matse kamar mai riƙe tusa gaban surukai, ka ɗan jira, ka saki. Safe da yamma." Na yi dariyar da ta jiƙa mini wando, kai ma ka taya ni.

Ka ɗinka mini wanduna masu duhu da aljihun saka ƙunzugu daga ciki, ba wanda ya ji a bakinka. Ka raka ni wurin likita. Ka riƙa biyo mini lokacin salla, muna tafe a hankali kana yi wa masu babura faɗa. Sai da aka yi watanni ɗigar ta ragu, har yau ba ta ɗauke sarai ba.

Ranar jana'izarka na daɗe zaune bakin gado, kamar mai jiran a biyo masa. Daga baya na shirya, na fita ni kaɗai, na tsaya a sahu har aka sallame.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Ga mai ɗakinka, da 'yarka, da jikoki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Kai kuma, Allah ya rufa maka asiri gobe kiyama, yadda ka rufa mini nawa.