Kafa a Bayan Darni

A gidanmu na Anka, in an sauke tukunyar tuwo ba a kashe wuta. Kaka Tumba, wadda ta haifi babanmu, ita ta hana. Takan jawo 'yar kujerarta bakin murhu, ta tura guntun icce ciki, ta miƙe ƙafafu tana gasa su. Ni da yayana Bello da yaran maƙwabta sai mu kewaye ta, hannuwanmu na ta ƙanshin miyar kuka. Innarmu tana gefe tana wanke kwanoni kamar ba ta sauraro, alhali in an zo wurin dariya ita ke fara ƙyalƙyalewa.

Kaka ba ta da haƙuri da mai surutu, ni kuwa Allah ya yi ni da baki, shi ya sa take ce mini aku. Takan ce tatsuniya baƙuwa ce, ga ta nan tafe, in ba a matsa mata ba sai ta wuce gidan gaba. Mu ce ta zo mu ji ta, sannan kowa ya yi tsit. Cikin tatsuniyoyinta akwai wadda na fi tsana, kuma ita ce ta ƙi barina har yau.

Wai wata tsohuwa ce a bakin gulbi, wajen Gummi, tana da ɗa guda, falke. Gidanta ƙofa ɗaya gare shi, ta zaure, inda dattawan unguwa ke zama. Duk sanda ya dawo daga fatauci sai ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida kowa, a tambaye shi hanya da kasuwa, ya raba goro, kafin ya kai ga uwarsa. Da kuɗi suka zauna masa sai ya ga wannan ɓata lokaci ne. Ya ce wa tsohuwa ta bari ya yi 'yar kafa a bayan darni, in ya biyo ta garin ya leƙo ya ga lafiyarta ya wuce abinsa. Ta ce ba ta yarda ba. Ya faki idonta ya yanke karan, ya jingina zana a wurin, bai gaya wa kowa ba sai amininsa. Amini ya gaya wa matarsa, matar ta faɗa a bakin rijiya, ashe kura na kwance a cikin ciyawa tana ji. Kafin kasuwa ta zagayo, akuyar tsohuwa ta tafi.

Tsohuwa ba ta yi kuka ba. Ta saro ƙayar magarya ta cusa a kafar, ta mayar da zana, ta ajiye taɓarya kusa. Da falke ya dawo da almuru ya tura kai, sai ƙaya ta riƙe shi, taɓarya ta sauka a gadon bayansa. A nan Kaka takan maƙale murya ta yi kukansa: "Inna, ni ne, ni ne!" Sannan ta gyara zama, ta ɗaga muciya kamar ita ce tsohuwar, ta ce, "Ɗana ta zaure shika shigowa. Wanda duk yab biyo bayan darni, kura na ɗauke shi." Yara su yi ta birgima don dariya, ita kuma ta ce ta yanke kan tatsuniya ta jefa a wuta, kowa ya tafi ya kwanta.

Ni ban taɓa yin dariyar ba. Wata rana na miƙe tsaye na ce wannan mugunta ce, ai ta san muryar ɗanta. Kaka ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Aku, mi kika sani? Darni bai san murya ba." Na tura baki na ce ni dai in na girma ba zan doki ɗana ba. Ta ce Allah ya kai mu, ta ci gaba da gasa ƙafafunta.

Kaka ta rasu, Baba ma ya bi ta, Inna ce ta rage a gidan. Bello yana Abuja, ni ina Gusau, aikina haɗa wa ofisoshi intanet. Da 'yan bindiga suka addabi yankinmu, Bello ya aiko da kyamarori biyu da na'urar wayifai, ya ce in je in haɗa su da sola, ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a tsakar gida. Na je na haɗa. Muddin kana cikin gidan, wayarka na kan wayifai ɗin, za ka ga hoton sarai, domin kowace na'ura tana da lambarta ta cikin gida. Da ka fita lambar ba ta da amfani. Daga waje, gidan gaba ɗaya adireshi ɗaya gare shi, na'urar wayifai kuma ta tsaya a bakinsa ba ta barin baƙo ya wuce. Wanda ke son ganin kyamara daga nesa, sai an buɗe masa kafa ta cikin na'urar wayifai ɗin.

Abin da Bello ya ce in yi ke nan. In buɗe, in sa kalmar sirri mai sauƙi, shi kuma ya tura ta guruf ɗin hirar dangi na waya don kowa ya riƙa duba Inna. Guruf ɗin da har surukan surukai suna ciki! A garin da kowa ya san akwai masu kai wa 'yan daji rahoton gidan da ke da ɗa a Abuja. Na ce masa akwai hanya mai tsaro da zan iya yi masa shi kaɗai, ya ce shi ba ya son wahala, kuma ba zai ware 'yan'uwa ba. Sannan ya gindaya sharaɗi: ko a buɗe, ko ya turo mota a kwashe Inna daga Anka.

Na zauna na yi wa Inna bayani dalla-dalla, na nuna mata kanta a wayata tana tankaɗe da ɗaurin ƙirji. Ta daɗe tana kallo. Da ta ɗago sai ta ce, "Ashe haka za su riƙa ganina, ni ban ganin su? Cire wagga. Kuma ki hwaɗa mai ba ni tashi. Nan anka kawo ni, nan za a ɗauke ni."

Na hau kujera na cire ta tsakar gida. Ta ƙofa na bar ta, na saita ta a wayar Inna don ta ga mai ƙwanƙwasawa kafin ta zare sakata. Daga waje kuwa na toshe komai, har hanyar da zan iya bi ni kaina, don Inna ta ce ko ni ba ta yafe ba. Bello ya kira yana faɗa, ya ce ni ƙanwarsa ce, ban isa ba. Na ce Yaya, girmanka na nan, amma ba ni buɗewa. Ya ce in wani abu ya sami Inna alhakin na wuyana. Na ce na ɗauka. Ya kashe waya, kuma tun daga ranar gaisuwata ma ba ya amsawa. Motar dai ba ta zo ba, don ya san ba mai iya ɗaga Inna daga tabarmarta.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar kashedi ce a kan kura. Sai da na girma na gane Kaka da falken take. Yana son ya ga uwarsa ba tare da ya zauna ta gan shi ba, ya kwantar da hankalinsa da leƙe, ita ta biya da akuyarta da sirrin gidanta. Bello na son Inna, ban taɓa shakka ba, tsoro ne ya cika shi. Ni ma ya cika ni.

Kwanakin baya labari ya iso Gusau cewa 'yan bindiga sun shiga wani ƙauye kusa da Anka. Ina ofis, waya a hannuna, na san da na bar kafar nan da yanzu ina ganin Inna. Da hannuna na toshe ta. Na kira wayar Inna, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba, na sake kira, har na fara jin muryar Bello a kunnena. Can sai ta ɗauka tana haki, wai tana bayan gida tana ba awaki dusa, me ya faru nake neman tsinka mata waya. Na ce ba komai. Na kife kai a kan tebur na yi kuka mai isata, na share fuska. Da yamma Bello ya turo saƙo, na farko tun rigimarmu, yana tambaya ko yanzu zan buɗe. Na rubuta masa cewa Inna na lafiya, ya kira ta, tana jiran muryarsa. Ban buɗe ba.