Taubashina da Tseren Akori-kura

Taubashina, ɗan ƙanen mahaifiyata, bai taɓa yarda a kira shi direba ba. Shi ɗan tsere ne, in ji shi. Motar kuwa akori-kura ce ta surukinsa, wanda ya damƙa masa ita don jigilar rake da mazarƙwaila daga Kudan zuwa kasuwar Makarfi.

Zamanin soja ne, an ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Taya ta yi wuya, kayan gyara sai na kwance daga tsofaffin motoci. Direbobi masu hankali lallaɓa motocinsu suke yi. Shi kuwa a lokacin ne ya ga ya dace ya yi suna. Duk ranar kasuwa sai ya tsokani wani direba a tashar Makarfi, su yi lodi, su jera, su kama hanyar Ikara, zauna-gari-banza na yi masa ihu. Ya sayi baƙin tabarau da safar hannu, yana sa su cikin zafin bazara. Matarsa kuma tana shigowa gidanmu roƙon gishiri.

Sau ɗaya na shiga motarsa da mazarƙwailar da na dafa.

"Taubashi, rage wuta mana, akwai mata a baya," na ce.

"Kai manomi ne, me ka sani? Riƙe ƙofa kawai."

Da muka isa, rabin kayana ya zama gari. Wata tsohuwa ta sauko tana amai, takalminta ɗaya ya faɗi a hanya. Ko sannu bai ce mata ba, agogonsa yake dubawa yana murmushi.

Tserensa na ƙarshe da wani direba ne daga kudancin Kaduna, mutum mai sanyin hali, wanda ma bai san ana tsere da shi ba. Wajen Malikanchi, a hanyar Ikara, sojoji sun kafa shinge. Taubashina bai ankara ba sai da ya zo gab. Ya taka birki, tayoyin duk sun suɗe, motar ta kwashi gangar shingen ta gangara cikin rami. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, sai akuyar wani fasinja. Sojojin suka sa shi tsallen kwaɗo a kan kwalta, gaban matan da ya ɗauko, yana ta "Ranka ya daɗe, tuba nake." Ɗaya direban ya iso a hankali, ya kwashe masa fasinjoji.

Surukin ya karɓe makulli a ranar. Daga Kudan har Ikara babu wanda ya sake ba shi mota. Ya koma ɗan kamasho a tashar Makarfi, a nan ya yi furfura. Har ya tsufa yana tare sababbin direbobi yana gaya musu cewa ranar ma shi ya ci, tun da motarsa ce a gaba lokacin da ta faɗa ramin.