Jan Zaren Baba Issaka

Shekara ashirin da bakwai ke nan da muka binne Baba Issaka a nan London, amma har yau in na ga bakin igiya ya tarwatse sai in waiga, kamar zan ji tsakinsa a bayana.

Na zo karatu a shekarun tamanin, aka haɗa mu a masallaci, ya ba ni ɗaki a flat ɗin da yake haya a Thamesmead. Mutumin zangon Takoradi ne, ƙuruciyarsa duk a jiragen ruwa na dakon kaya ta ƙare. Yana da wani gwangwanin biskit da ba mai taɓa masa: zaren kwalta, allura mai kauri, da tsinken katako na buɗa igiya. Turawan jirgi suna da suna ga kowane aiki, shi kuwa ya raɗa nasa. Haɗa igiya biyu ba ƙulli, kitso ke nan. Naɗe bakinta da siririn zare don kada ta warware, wannan ɗaurin baki. Duk mai tafiya gida a unguwarmu sai ya kawo masa akwati ya ɗaure. Ranar da ya kama ni ina ƙona bakin igiya da ashana, cewa ya yi, "Malam Sani, igiya ba ya son wuta. Ku 'yan boko, komai sharp sharp."

Yana da yaya a Takoradi, Hajiya Memuna. Ba ta karatu, kuma ba ta yarda da masu karanta mata wasiƙa ba, ta ce suna rage zance. Don haka kowace shekara kafin azumi yakan aika mata akwati, ya yi wa igiyar ɗaurin baki da jan zare. In ta ga wannan, ta san ƙaninta lafiya lau yake. Sau nawa ya ce in zauna ya koya mini, ni kuwa kullum in ce masa sai na gama rubutu, sai na dawo daga aiki.

Ya rasu ana saura 'yan makonni azumi, akwatin a shirye, ba a ɗaure ba. Danginsa suka bugo waya suka ce ba a gaya wa Hajiya ba, zuciyarta ba ƙwari, ana jiran babban ɗanta ya dawo daga tafiya. Suka roƙe ni in aika akwatin yadda aka saba, don kada ta zargi wani abu. Kwana uku ina fama da gwangwaninsa, ina naɗawa ina kwancewa, ina jin haushin kaina. Da na ga ɗaurin ya yi kama da nasa, sai na damƙa akwatin ga Alhaji Fuseini, wani direban tasi da zai tafi gida.

Da ya dawo ya ba ni labari. Hajiya ba ta ko buɗe akwatin ba. Bakin igiyar ta kama, ta murza shi da yatsa, ta ce, "Zaren nasa ne, hannun ba nasa ba ne. Yaushe ya rasu?" Ashe shi cusa wutsiyar zaren yake a ƙarƙashin naɗin ta ɓace, ni kuwa ƙullewa na yi.

Yanzu a filin jirgi inji ne ke naɗe akwati da leda, kuma mutum na iya ganin fuskar yayarsa a waya kullum. Da yana nan, na san zai tsaya gaban injin nan ya yi tsaki son ransa. Wayar kuwa ina jin zai so ta, ko da yake zai ce ana iya yin murmushi a waya alhali jiki ba daɗi. Ina kewarsa ƙwarai, har da faɗan.

Bai bar gida ba, bai bar 'ya'ya ba. Ban da gwangwanin, abin da ya rage nasa a hannuna guntun igiya ne da Hajiya ta yanko daga akwatin ƙarshe da ya ɗaure mata da hannunsa, ta ce wa Alhaji Fuseini, "Ka kai wa wanda ya ɗaure, ya koya da kyau." Yana kan teburina, jan ya koɗe, amma ko zare ɗaya bai kwance ba. Ina ta koyo, Baba. Allah ya jiƙanka da rahama.